Dogo da kujerar lilo: a matsa a shiga ko a haƙura?

Dogon Birni: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka taɓa shiga manyan wuraren wasa na ƙasashen waje, masu jirgin lilon nan da ke gudu a kan ƙarfe yana hawa yana gangarowa. Tsayina mita 1 da santimita 97 ba takalmi. Bayan Sallah in Allah ya yarda zan je Dubai sarin kaya, kuma bana na yi niyyar tafiya da yarana maza biyu. Sun ga bidiyon wani wuri da ake kira Ferrari World a Abu Dabi, kullum zancensa suke yi, kuma abin da suke so shi ne mu hau tare da su. To wani abokin kasuwanci ya ce mini akwai jiragen da ba a barin wanda ya wuce wani tsayi ya hau. Na san ana hana ƙananan yara, amma hana dogo ban taɓa ji ba. Gaskiya ne? In gaskiya ne, mene ne dalili? Ba na son in kai yara har bakin ƙofa a mayar da ni a gabansu.

Ɗalibi a Faransa: Wa alaikumus salam Alhaji. Abokinka bai yi ƙarya ba. Jirgin da ya fi suna a wurin shi ne Formula Rossa, an buɗe shi a 2010, yana kai gudun kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, har tabarau ake ba mutane saboda yashi da ƙwari. Ƙa'idarsa daga santimita 140 zuwa 195. Kai ka haura da biyu, kuma galibi da takalmi ake auna mutum. Amma kada ranka ya ɓace tun yanzu, kowane jirgi da tasa ƙa'idar, kuma wasanni da yawa a irin waɗannan wurare ba su da iyaka ta sama ko kaɗan.

Hajiya Sabon Gari: Santimita biyu? Kai jama'a. Mutum ya biya kuɗin jirgi, ya biya masauki, ya biya tikitin shiga, sannan a ce faɗin yatsa ɗaya ya hana shi? Ni ban ga adalci a nan ba. Allah ne ya yi mutum dogo, ba shi ya roƙa ba. Maigidana ma dogo ne, mun taɓa shiga wani wurin wasa a Jidda bayan Umara, ya bi layi kusan awa guda da yara, ya zauna, ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera ya ƙi sauka, aka ce ya tashi. Mutane cike da wuri suna kallo. Ya dawo ya zauna kusa da ni bai ce uffan ba har muka koma masauki. Kuɗin tikiti kuwa ko dala ba a rage masa ba.

Dogon Birni: Hajiya, wannan shi ne abin da nake gudu. Mu dogaye mun saba da matsi. Tun a lakwal gwiwata ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tebur ba. Bas ɗin Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, sai na roƙi kujerar gefen hanya don in miƙe ƙafa. Duk wannan na ɗauka. Amma a tashe ka a gaban ƴaƴanka wani abu ne daban.

Telan Dole: Alhaji, bari in sa baki da abin da na sani, don awon jikin mutane shi ne sana'ata. Ba tsayi ɗaya ba ne, biyu ne. Akwai dogon da tsayinsa a ƙafa yake, akwai wanda nasa a gadon baya yake. Mutum biyu za su zo shagona kansu ɗaya in sun tsaya, amma wandon wannan ya fi na wancan da taƙi guda, shi kuma wancan rigarsa ce ke cin yadi. In suka zauna a benci sai ka ga ɗaya ya kere ɗaya sosai. To tunda a zaune ake hawa abin nan, awon zaune ne ya kamata ka sani.

Ga yadda za ka yi a gida. Sami benci mai tauri, ba kujerar kushin ba. Jingina shi da bango, ka zauna ƙugunka da bayanka su taɓa bangon, tafin ƙafa a ƙasa. A ɗora littafi a kan kafaɗarka a kwance, a ja layi da alli a ƙarƙashinsa, a auna daga benci zuwa layin. Wannan ɗaya. Sannan a auna daga bango zuwa kan gwiwarka. Wannan biyu. Na farko shi zai gaya maka ko ƙarfen kafaɗa zai dame ka, na biyu ko gwiwarka za ta tokare kujerar gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗalibi a Faransa: Baba Tela ya gama magana. Ni tsayina 191 kuma duk a ƙafa yake. Abin da na lura a wuraren da na je nan kusa da Faris shi ne, jirage iri biyu ne ke raba dogaye. Akwai masu ƙarfen cinya kawai, wanda ke saukowa ya danne ka a ƙugu. A nan mai dogon baya yana shan iska, mai doguwar ƙafa ne ke wahala, musamman a tsofaffin jirage masu ƙaramin akwati, domin gwiwa na ɗagowa sama ta tare ƙarfen kafin ya iso cinya. Akwai kuma masu ƙarfen da ke saukowa ta kan kafaɗu. Wannan shi ne abokin gabar mai dogon baya, ƙarfen sai ya zauna a kan kafaɗa ya ƙi ƙarasawa ƙasa inda ake maƙala bel ɗinsa.

Wanda na fi jin daɗinsa shi ne irin wanda kujerun ke rataye a ƙarƙashin ƙarfen hanya, ƙafafu na reto a iska. A Parc Astérix akwai irinsa, OzIris, na kamfanin Bolliger & Mabillard na Suwizalan, an buɗe shi a 2012. Babu komai a gaban gwiwarka. Shi wannan kamfani kuma a jiragensa da yawa yakan ware wasu kujeru a layin tsakiya masu bel biyu domin masu faɗin ƙirji. Sai dai a sani, faɗi suka ƙara, ba su ƙara tsayi ba.

Kabu-kabu Karkada: Yaya Dogo, kada ka wahalar da kanka. Santimita biyu ai ba komai ba ne. Sa silifa maras tudu, ka ɗan rusuna kaɗan lokacin awo, ka sassauta gwiwa a cikin wando. In mai tsaron ya yi gardama ka miƙa masa ɗan na goro. Ina ne a duniya ba a yin alfarma?

Injiniyan Lantarki: Ƙanena, don Allah ka janye wannan shawarar, kuma duk wanda ya karanta ta kada ya bi. Zan yi dogon bayani domin rai ake magana.

Iyakar tsayi ta sama tana da dalili biyu. Na farko, sararin da ke kewaye da jirgin. Masu ƙera shi suna lissafa iya inda hannun mutum ko ƙafarsa za ta kai in ya miƙe ta iya ƙarfinsa, sai su tabbatar babu ginshiƙi, babu bango, babu rufin rami a cikin wannan da'ira. Kafin a buɗe jirgi ana ɗaura wani allo mai girman wannan da'irar a jikinsa, a ja shi a hankali a duk tsawon hanya don a ga ko zai taɓa wani abu. To allon nan an yanka shi ne a kan wani tsayi. Wanda ya wuce tsayin, hannunsa zai iya wuce allon. Sukan bar rara, amma rarar ba taka ba ce da za ka ci, ba kuma ta mai tsaron ƙofa ba ce da zai sayar.

Na biyu, kujerar da ƙarfenta. Majinginar kai tana ƙarewa a wani wuri. Jirgin da ke fizgar mutum daga tsaye zuwa kilomita 240 a awa, in kanka ya zarce majinginar, wuyanka ne zai ɗauki fizgar. Shi kuma ƙarfen da ke riƙe mutum, a jiragen zamani akwai na'urar da ke ji ko ya sauko zuwa inda ya kamata. In bai kai ba fitila ba za ta kama ba, jirgi ba zai tashi ba. Ƙarfen da ya sauko rabi kamar ƙyaure ne da aka turo amma sakata ba ta shiga ba, daga waje ka ce a rufe yake.

A watan Maris na 2022 a garin Orlando na Amurka, wani yaro ɗan shekara 14, mai tsayi da jiki, ya hau wani lilo da ke ɗaga mutane sama wajen mita 130 ya sako su. Littafin kamfanin da ya ƙera abin ya ce nauyin mai hawa kada ya wuce kilo 130, yaron ya haura haka nesa. Binciken hukuma ya gano an taɓa na'urar kujerar da hannu, an buɗa ta yadda fitila za ta kama ko da ƙarfen bai sauko yadda ya kamata ba, ratar ta kusa ninka ta sauran kujeru. Fitila ta nuna lafiya lau. Da lilon ya taka birki a hanyar saukowa yaron ya sulluɓe ta ƙasan ƙarfen ya faɗo, ya rasu. An rushe lilon a 2023. Alfarmar da kake nema ke nan, wani ya yi wa masu jiki ita tun kafin yaron ya zo.

Hajiya Sabon Gari: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba iyayensa haƙuri.

Kabu-kabu Karkada: Subhanallahi. Amma Injiniya, wancan ai nauyi ne, shi Yaya Dogo siriri ne.

Injiniyan Lantarki: Hanyar ɗaya ce. Ko ƙiba ce ko tsayi ne, in jiki ya hana ƙarfe isa wurinsa, ƙarfen bai riƙe ka ba. Mai dogon baya da ya ranƙwafa don ƙarfen kafaɗa ya rufu, da jirgi ya fara gudu jikinsa zai nemi miƙewa, kafaɗa ta daki ƙarfe, ƙashin baya ya sha nauyi a lanƙwashe.

Hajiya Sabon Gari: Na ji bayanin Injiniya kuma ban ce a karya ƙa'ida ba. Amma har yanzu ina nan a kan bakata ta wani ɓangaren. In sun san akwai iyaka, su faɗa wa mutum a wurin sayen tikiti, su auna shi a nan, su rage masa kuɗi gwargwadon abin da ba zai hau ba. Yaro ƙarami ai sau da yawa kuɗinsa bai kai na babba ba, don an san ba komai zai hau ba. To dogo fa? Sannan su kamfanonin me ya hana su ƙera kujera ɗaya a kowane jirgi domin dogaye? Ɗan ƙasarmu Nijar, Abdoul Razak Issoufou Alfaga, ya ciyo mana lambar azurfa a wasannin Olamfik na Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya na takwando a 2017, tsayinsa ya kai mita 2. Mutum irin wannan duniya ta tafa masa, amma ya je wurin wasa a ce babu kujerarsa?

Injiniyan Lantarki: Maganar tikiti ina tare da ke ɗari bisa ɗari, Hajiya. Maganar kujera kuwa tana da wuya. Masu ƙera mota da jirgi da kujerar ofis duk hanya ɗaya suke bi: su auna jama'a da yawa, su yi abin da zai dace da mafi rinjaye, na can ƙarshe ta sama da ta ƙasa su faɗo waje. A jirgin lilo abin ya fi tsanani domin ƙarfe ɗaya ne zai riƙe yaro mai santimita 140 ya kuma riƙe ƙato. In ka buɗa shi don ƙaton, yaron zai yi yawo a ciki. Kuma ko an yi kujera ta musamman, maganar sararin hannu tana nan, sai an matsar da ginshiƙai. Ko a Holan, inda matsakaicin tsayin maza ya kai wajen santimita 183, kuma suna da babban kamfanin ƙera irin waɗannan jirage mai suna Vekoma, mai mita 2 yana cikin ƴan tsiraru.

Hajiya Sabon Gari: To tsiraru ba mutane ba ne? Sun yi wa masu keken guragu ƙofa ta daban ai. In an so ana iyawa.

Malamin Lakwal: Ni abin da ya ba ni mamaki, mutane na fama da tsadar hatsi mu kuma muna muhawarar lilon Abu Dabi.

Dogon Birni: Malam, da girmamawa, tafiyar ta kasuwanci ce, kuma yarana ba su taɓa fita ko Kano ba. Uba ya so ya faranta wa ƴaƴansa rana ɗaya ba laifi ba ne.

Mai Walda Zango: Malam ya ce maganar ta yi mana nisa, to ni zan kawo ta gida. Lilon da ake kafawa a unguwanni lokacin Sallah, mu ne muke haɗa shi. Bututun ƙarfe, sarƙa, kujerar kwano, wani a juya shi da hannu, wani a sa masa inji. Awon yara muke yi, ƴan shekara biyar zuwa goma. Amma ranar Sallah sai ka ga samari ƴan shekara sha bakwai, wasu sun fi ni tsayi, sun miƙa ƴan canjinsu sun ɗare. Mai lilo ba zai kore su ba don kuɗi yake nema. Na ga saurayi da idona a kan mai juyawar nan, ƙafafunsa na jan ƙasa, ya tanƙwashe su ƙarƙashin kujera, da abin ya ɗauki gudu takalminsa ya kama ƙasa, ƙafar ta murɗe, aka ɗauke shi a kabu-kabu yana ihu. Kuma nauyinsa a gefe ɗaya yana sa duk abin ya karkata, ginshiƙin tsakiya na girgiza, ƙananan da ke ɗaya gefen su ne a haɗari. Wurin da Alhaji zai je aƙalla akwai sandar awo a ƙofa. Mu nan ko alli ba a ja wa ginshiƙi.

Ma'aikaciyar Jinya: Malam mai walda, Allah ya saka da alheri da ka faɗi wannan. Ranakun Sallah muna ganin irinsu, targaɗe, fashewar goshi, yatsun da sarƙa ta matse.

Ga Alhaji kuma, wani zai ce maka ka je da yamma domin mutum ya fi tsayi da safe. Gaskiya ne, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna matsewa da yini, mutum kan ragu da santimita ɗaya zuwa biyu kafin dare. Amma wannan ba zai sauya tsawon hannunka ba, ba zai sauya inda kanka ke tsayawa a kujera da wani abin kirki ba. Abin da na fi so ka duba shi ne allon gargaɗin da ke ƙofar kowane jirgi. Mai ciwon baya, mai ciwon wuya, mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, duk an ce kada su hau. Dogaye da yawa da suka wuce arba'in suna da ciwon baya saboda shekarun da suka yi suna ranƙwafawa a mota da ƙofa. In kana cikinsu, ko kujera ta karɓe ka, ka yi tunani.

Dogon Birni: Ina ɗan jin ƙugu in na daɗe a zaune a shago, amma ba kullum ba. Zan ga likita kafin tafiya.

Ɗalibi a Faransa: Alhaji, ga abin da ke cire kunyar da Hajiya ta ba da labari. Manyan wurare da yawa suna ajiye kujerar gwaji a bakin layin manyan jirage, kujera ce sak irin ta ciki, a kafe a ƙasa. Ka zauna, ka jawo ƙarfen da kanka, ka gani ko bel zai kai. Wasu har fitila gare su. In babu ita, ka je wurin ma'aikacin da ke ƙofa kafin ka shiga layi ka ce ya auna ka. Minti ɗaya ne, ba kowa ke kallo ba. Kuma tun kana gida ka buɗe shafinsu na intanet, kowane wasa an rubuta ƙa'idarsa, ka rubuta waɗanda za ka hau a takarda.

In ka zauna, tura ƙugunka can ƙarshen kujera tukuna, sannan ka miƙe bayanka. Fitar da waya da walat da makullai daga aljihu. A jirage masu ƙarfen cinya, sauke gwiwa ƙasa, wasu dogaye sukan harɗe ƙafa a idon sawu don cinya ta kwanta, amma in akwai abin da ke tare ƙwauri kada ka harɗe. Layin gaba sau da yawa ya fi sarari, ka tambayi ma'aikaci wane layi ya fi dacewa da dogo, sun saba da tambayar. In ma'aikaci ya ɗan danna ƙarfen ya shiga kana numfashi daidai, babu laifi. In sai ya hau kai da ƙarfinsa, ko kafaɗarka na zafi tun jirgi bai motsa ba, ka ce a buɗe.

Doguwar Garin Malam: Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, duk maza ake magana. Ni mace ce, tsayina 184, kuma matsalarmu ta ninka. Yawancin jiragen nan akwai tudu ko bel a tsakanin ƙafafu. Da zani ko doguwar riga matsattsiya ba za ki zauna daidai ba, sai ki zauna a karkace, ƙarfen ya sauka a gefe. Sai an sa wando mai faɗi a ciki, a tattara rigar. Hijabi kuma a cusa bakinsa cikin riga, a cire allura mai tsini, domin iska na iya fizge shi ko ƙarfen kafaɗa ya danne shi ya shaƙe wuya. Ni a wani wuri a Abuja na hau mai ƙarfen kafaɗa, hijabina ya shiga ƙarƙashin ƙarfen, ban iya juya kaina ba har aka gama. Haka maza, babbar riga da hula a bar su a masauki.

Telan Dole: Ƴata ta yi gaskiya. Yadin babbar riga kaɗai in ya taru a cinya ya isa ya hana ƙarfe sauka. Alhaji ka sa riga ƴar shara da wando.

Maman Biyu: Ni tawa damuwar ta juya. Ɗana shekararsa takwas amma ya ɗebo tsayin dangin ubansa, ya kai santimita 140. Kawunsa da ke Faransa yana son ya kai shi Disneyland hutu mai zuwa, yana ta murna wai yaron ya isa hawa komai. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Yaron da har yanzu in an ɗauke wuta sai ya zo ya manne da ni.

Ɗalibi a Faransa: Mama, ta fuskar sanda kawun ya yi daidai. A Disneyland ta Faris jirgin Big Thunder Mountain santimita 102 yake nema, na Indiana Jones mai juya mutum kai ƙasa 140. To zai wuce. Amma sandar jiki take aunawa kawai.

Ma'aikaciyar Jinya: Ƴar'uwa, ki bi zuciyarki a nan. Dogon yaro kowa babba yake ɗaukarsa, a lakwal, a gida, har a asibiti. Ga shi siriri, wato ƙarfe zai iya rufuwa ya bar rata a ƙirji da cinya, dole babba ya duba da hannunsa. Kuma yaron da ya firgita a sama zai iya ƙoƙarin zame jikinsa daga ƙarfen. Ki ce wa kawun su fara da ƙanana, yaron ya tsaya a ƙasa ya kalli babban yana wucewa, in shi da bakinsa ya ce yana so sannan. In ya ce a'a kada a yi masa gori.

Dogon Birni: Wannan ta taɓa ni, don babban nawa shekararsa sha ɗaya kuma ya kusa kafaɗar uwarsa, ƙaramin tara. Ga abin da na tsayar. Wancan mai gudun ba zan nemi hawa ba. Zan gaya wa yaran tun a gida, in nuna musu lambar da ke rubuce da tawa lambar, don kada su ji a bakin baƙo. Sauran wasannin zan bi su ɗaya bayan ɗaya a shafin wurin. Abin da ya rage mini, in babban ya kai 140 kuma yana so, wa zai zauna kusa da shi? Ba na son ya hau shi kaɗai cikin mutanen da ba ya jin yarensu.

Ɗalibi a Faransa: In abokin kasuwancin nan naka tare za ku tafi, shi ya hau da shi. Kai ka raka su har inda aka yarda, sannan ka jira su a ƙofar fita tare da ƙaramin. Ka duba ma ko akwai ƙa'idar shekaru, wasu wasannin suna so yaro ya kasance da babba ko da ya kai tsayin. A Dubai kuma akwai babbar tayar nan Ain Dubai mai tsayin mita 250, ɗakunanta a tsaye ake yawo a ciki, ku ukun duka za ku shiga.

Hajiya Sabon Gari: Alhaji, in ka je wurin tikiti ka tambaye su ko akwai ragi ga wanda ya wuce iyaka. Ko sun ce babu, su dai ji. In kowane dogo ya yi shiru ba za su taɓa sanin yawanmu ba.

Mai Walda Zango: Injiniya, kafin a watse ina da buƙata. Akwai mai juyawa da aka ba ni gyara kafin Sallah, kujera takwas. Ina so in ja layi a ginshiƙin ƙofa da jan fenti, duk wanda ya wuce shi ba zai hau ba. Ta yaya zan san inda zan ja?

Injiniyan Lantarki: Auna daga kan kujera zuwa ƙasa tana rataye ba kowa, sannan ka ɗora buhun yashi mai nauyin yaro ka sake aunawa, don sarƙa da hannun ƙarfen suna sauka. Sami yara masu tsayi daban-daban su zauna ɗaya bayan ɗaya abin yana tsaye, su saki ƙafa su miƙe yatsu ƙasa. Wanda ya fi tsayi a cikin waɗanda yatsunsu suka bar ƙasa da aƙalla taƙi guda, a kansa za ka ja layinka. Ka ja na biyu a ƙasa domin ƙananan da sarƙar gaba ba za ta tare su ba. Kafin yaro ko ɗaya ya hau, cika kujerun duka da buhunan yashi ka juya shi iya gudunsa, sannan ka cire na gefe ɗaya ka sake juyawa ka kalli gindin ginshiƙin. Ranar Asabar da safe ina da sarari, turo mini kwatancen garejin ta akwatin sirri in zo mu duba waldar tare.

Mai Walda Zango: Madalla. Zan tanadi yashin.